Gwaji Ba Duba Ba Ne

A ƙasar Amurka, mafi yawan masu neman lasin aikin likita sai sun ci wata jarrabawa da a ke kira USMLE, kome yabon da suka fito da shi daga makaranta. An fara ta a shekarar 1992. Hukumomi biyu ke riƙe da ita: ɗaya ita ce NBME ta birnin Filadelfiya, wadda aka kafa tun 1915, ɗayar kuwa ita ce tarayyar hukumomin da ke ba da lasin likita a jihohin ƙasar. Likitocin da suka yi karatu a wasu ƙasashe, har da na Nijeriya, in suna son aiki a can, ta wannan ƙofa su ke shiga.

Jarrabawar hawa uku ce. Hawa na ɗaya ya shafi sanin ƙirar jikin ɗan'adam, da aikin gaɓoɓinsa, da asalin cututtuka, da yadda magunguna ke aiki. A shekarar 2024 zaman awa 8 ne a yini guda, tambayoyi kuwa su kan kai 280. Hawa na biyu ya shafi gane cuta da yadda za a bi da majinyaci, shi kuwa zaman awa 9 ne. Hawa na uku kwana biyu a ke yi ana rubuta shi. Tun daga watan Yuli na 2021, sau huɗu kaɗai a ke yarda mutum ya gwada kowane hawa. Wanda ya faɗi, faɗuwar tana nan rubuce cikin takardarsa, duk asibitin da ya nemi horo za a gani. Wanda ya ci kuwa, ba shi da damar sakewa don kawai ya ƙara maki.

Saboda nauyin abin, ɗalibai su kan sayi jarrabawar gwaji su auna kansu tukuna. Hukumar NBME da kanta tana sayar da irin wannan, mai tambayoyi 200, kamfanoni kuma kamar UWorld suna da nasu. Ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta ya amsa, sa'an nan a nuna masa makinsa. Wannan dabara ce mai kyau, babu mai hankalin da zai kushe ta. Abin da ya ɓaci shi ne yadda ɗalibai da yawa suka mai da ita ƙasar duba. Sai a ga saurayi mai shirin riƙon rayukan mutane ya tasa lamba uku a gaba, yana juya su dare da rana, yana tambayar kowa ko nawa zai samu ran jarrabawa, kamar mai jiran bakin boka.

Masu wannan hali suna da hujjarsu. Su kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta. Lalle akwai gaskiya a ciki. Malaman makarantun likita sun bincika sau da yawa, sun tarar waɗanda suka yi kyau a gwaji su ne galibi ke yin kyau a jarrabawar gaske, musamman idan an yi gwajin dab da ranar. To, amma a lura da kalmar nan, galibi. Gaskiya ce game da taron jama'a, ba alkawari ne ga mutum guda ba.

Ga misali. A ce ɗalibai 100 sun yi gwaji, dukansu sun sami maki iri ɗaya. Ran jarrabawa ba za su fito da maki ɗaya ba. Yawancinsu za su faɗo kusa da inda gwajin ya nuna, waɗansu su haura, waɗansu su gangara. Gwajin ya san inda tsakiyar taron za ta tsaya, amma bai san wane ne zai haura, wane ne zai gangara ba. Manomi ya kan dubi gonarsa da marka ya ƙiyasta damin da zai samu, ya kuwa yi kusa. A nuna masa kara guda a ce ya faɗi girman zangarniyar da zai fitar, nan saninsa ya ƙare. Ita kanta hukumar jarrabawar ta bayyana cewa mutum guda, da iliminsa guda, in ya zauna sau biyu da tambayoyi dabam, makinsa zai motsa sama ko ƙasa. Idan jarrabawar gaske ba ta maimaita kanta daidai wa daida, ina wanda zai ɗora wa gwaji wannan nauyi?

Wannan motsi na 'yan maki ba ya damun wanda ya yi nisa sama da iyakar ci. Wanda ya ke bakin iyaka shi ne abin tausayi, gama shi ya fi kowa bukatar tabbaci, shi ne kuma gwaji ya fi kasa ba shi. Iyakar ma ba a tsaye ta ke ba. A hawa na biyu an ɗaga ta daga 209 zuwa 214 a shekarar 2022, aka sake ɗaga ta zuwa 218 a 2025. Ɗalibin da gwaji ya nuna masa ya tsallake da maki biyu ko uku, ya tafi yana murna, ya jingina da bangon da bai bushe ba.

Duk wannan kuwa idan an yi gwajin bisa gaskiya ke nan. Sau da yawa ba haka a ke yi ba. Wani ya kan tsai da agogo ya tafi shan shayi. Wani ya kan leƙa littafi in tambaya ta yi tsauri, ya ce ai dā ma ya sani, mantuwa ce kawai. Wani ya kan maimaita gwajin da ya riga ya yi, makinsa ya tashi domin ya tuna amsoshi, ya ɗauka ilmi ne ya ƙaru. Wannan daidai ya ke da mai zazzaɓi da ya tsoma ma'aunin zafi cikin ruwan randa, sa'an nan ya miƙa wa likita. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya auna, zazzaɓin kuwa yana nan. Har wanda bai yi maguɗi ba, ya tuna gwaji na awa huɗu ko biyar ne cikin ɗakinsa, jarrabawa kuwa yini ce cur a baƙon wuri, ga fargaba, ga gajiya, watakila ga rashin barci. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Har ila yau, akwai labaran da ɗalibai ke yaɗawa a tsakaninsu, cewa wane ya sami kaza a gwaji, ya fito da abin da ya fi haka nesa, saboda haka gwajin nan rage maki ya ke yi. Waɗanda suka ci ne ke ba da labari da ƙarfi. Wanda ya faɗi ya kan ja bakinsa ya yi shiru. Duk lissafin da aka gina kan bakin masu nasara kaɗai ya karkata tun daga tushe. Mai saurarensa ya kan ga gwaji ya nuna bai shirya ba, ya ƙi ji, ya shiga da fatan sa'a, ya ɓad da ɗaya daga cikin damarsa huɗu da kuɗi masu yawa. Wannan shi ma ya zalunci gwaji, domin a nan ne maganarsa ta fi ƙarfi: wanda ya faɗo ƙasa da iyaka sau biyu, sau uku, a gwaje-gwaje dabam-dabam, an gargaɗe shi, ya kamata ya ɗaga ranar ya koma kan littafi.

Shugabannin jarrabawar sun ga inda bautar lamba ta kai ɗalibai. Daga ran 26 ga Janairu, 2022, suka daina ba da maki a hawa na ɗaya, sai dai a ce mutum ya ci ko ya faɗi. Cutar ba ta warke ba, ta koma hawa na biyu inda har yanzu a ke ba da maki. A farkon shekarar 2024 kuma hukumar ta soke sakamakon waɗansu masu jarrabawa da ke da alaƙa da ƙasar Nepal, domin ta ga alamun sun riga sun ga tambayoyin. Mai maimaita gwaji don ya ga lamba ta tashi bai yi sata ba, amma shi da waɗancan abu guda su ke nema, watau maki wanda babu ilmi a bayansa.

Amfanin gwaji na ainihi yana cikin tambayoyin da ɗalibi ya faɗi. Kowace ɗaya tana nuna wani rami cikin saninsa: ciwon zuciyar da ya ɗauka na ciki ne, maganin da bai san yana cutar da mai juna biyu ba, alamar sanƙarau da ta wuce shi. Ɗalibi na ƙwarai ya kan yi gwaji sau ɗaya, da agogo, littafi a rufe, sa'an nan ya ɓata kwanaki yana bin kurakuransa ɗaya bayan ɗaya har ya gane dalilin kowanne. Ya kan dubi gwaji biyu ko uku tare, ya ɗauki mafi ƙanƙanta da muhimmanci, ya bar wa kansa rata mai faɗi sama da iyaka.

Ba don a wahal da ɗalibai aka kafa jarrabawar lasin ba. An kafa ta ne domin tsohuwar da za a kawo asibiti da tsakar dare numfashinta na sarƙewa, da jaririn da zafin jikinsa ya ƙi sauka. Waɗannan ba za su tambayi likita nawa ya samu a gwaji ba, ba kuwa za su ba shi amsoshi biyar ya zaɓi ɗaya ba. Ramin da ɗalibi ya rufe da ciyawa don makinsa ya yi kyau, majinyaci ne zai faɗa ciki. Saboda haka wajibi ne malamai su hana ɗalibansu duba da gwaji, su koya musu aiki da shi, iyaye kuma in ɗansu ya ce yana bukatar ƙarin wata guda kafin ya shiga, su yi haƙuri su ba shi.