Itacen Roba da Fasahar Dashen Reshe da Muke Neman Mantawa

Duk wanda ya lura da yadda al'amuran gidaje ke sakewa a biranenmu, tun daga Kano da Kaduna har zuwa Abuja, zai ga an samu wata sabuwar sha'awa ta ƙawata falo da baranda da tsirran ado, har masu sana'ar renon fulawa sun jera tukwanensu a gefen manyan tituna suna cin kasuwa. Daga cikin tsirran da idon mai saye ke fara sauka a kansu kuwa akwai wani mai faffaɗan ganye, mai kauri da sheƙi, wanda ake kira itacen roba, masana ilmin tsirrai kuma suke ce masa Ficus elastica. Ba ni da ja da wannan sha'awa, domin son kyakkyawan abu ɗabi'a ce da Allah ya halicci ɗan Adam a kanta. Abin da nake ja da shi shi ne magidanci ya zare kuɗi masu kauri ya sayi tukunya biyu ko uku, in sun mutu ya koma ya sake saye, alhali reshe guda da zai roƙa a gidan maƙwabcinsa ya ishe shi ya cika gidansa, har ya bai wa wasu.

Asalin wannan itace daga nahiyar Asiya yake, tun daga arewa maso gabashin Indiya da Burma har zuwa Malesiya da tsibiran Indonesiya, inda a dawa yakan kai tsayin mita 30 ko fiye, yana sako jijiyoyi daga rassansa har su taɓa ƙasa su zama ginshiƙai. A jihar Meghalaya ta Indiya, mutanen ƙabilar Khasi sukan ja waɗannan jijiyoyi su tsallakar da su rafi, su yi ta saƙa su shekara da shekaru, har su zama gada mai rai wadda ke ƙara ƙarfi gwargwadon tsufanta. A farkon ƙarni na 19 ana tsaga jikinsa a tatsi farin nonon da ke fita a yi danƙo da shi, amma bayan da wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwaso iri wajen 70,000 na wata bishiyar roba daban daga Barazil a shekarar 1876, ya kai lambun Kew a Ingila, daga can aka watsa ta zuwa Silon da Malaya, sai kasuwar wannan namu ta faɗi, saboda waccan ta fi shi yawan nono da inganci. Tun daga nan aikinsa ya koma na ado.

To, baƙo ne a ƙasarmu, amma danginsa 'yan gida ne, domin shi ɗan'uwan ɓaure ne, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin, kuma ɗan'uwan cediya da durumi da gamji ne, waɗanda a inuwarsu aka yi fadanci, aka yi shari'a, aka karantar da almajirai. Kakanninmu ba su taɓa zuwa kasuwa sayen cediya ba: da damina ta sauka sai a saro reshe, a haƙa rami a ƙofar gida ko ta masallaci, a kafa shi, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kafin 'yan shekaru ya zama wurin hira. Wannan ilmi da manomi da bai taɓa shiga aji ba ya gada daga ubansa, shi ne ainihin abin da itacen roba ke bukata. Hasali ma ba shi da wata hanyar yaɗuwa a wurinmu sai ta reshe, saboda hikimar Ubangiji ta hukunta cewa kowane irin ɓaure yana da wani ɗan ƙanƙanin ƙwaro nasa na musamman, wanda ke kutsawa cikin ɗan itacen ya yi masa barbara, ƙwaron itacen roba kuwa yana can ƙasarsa ta asali bai biyo shi ba. Saboda haka wanda ya zauna jiran irinsa zai daɗe bai shuka kome ba.

Wanda ya yi niyya, sai ya nemi lafiyayyen reshe wanda bai tsufa ainun ba, bai kuma cika ɗanyantaka ba, ya sa kaifaffiyar wuƙa ko sabuwar reza ya yanko kimanin santimita 15 daga kansa, yankan ya faɗa dab da ƙarƙashin gaɓa, wato inda ganye ke manne da kara, domin a nan ne idon toho yake, a nan ne kuma saiwa ta fi saurin fitowa. Nan da nan nono zai zubo, sai a goge shi da tsumma, a bar yankan ya sha iska har ya tsane. Daga nan a cire ganyen ƙasa a bar ɗaya ko biyu a sama, in suna da girma a naɗe su a ɗaure da zare, don kada su zubar da ruwan jikin reshen tun bai samu saiwar da za ta rama masa ba. Sai a soka shi cikin tukunya mai huji a gindi, wadda aka cika da yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki, a jiƙa, a kifa masa farar leda, a ajiye a inda haske ke isa amma rana ba ta duka. In Allah ya yarda, tsakanin wata ɗaya da wata biyu saiwa za ta kama, alamarta kuwa ita ce sabon toho. Wasu sukan tsoma reshen a kwalbar ruwa, wannan ma yana yi, da sharaɗin a riƙa sake ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, don kada a yi kiwon sauro da sunan kiwon fulawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsinko ganye shi kaɗai ba tare da gaɓarsa ba, wanda yana iya fid da saiwa ya yi watanni yana kore shar, mai shi yana murna, amma har abada ba zai yi kara ba.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan tabbas, musamman ga itacen da ya yi tsawo ya zubar da ganyen gindinsa, ita ce a sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa. Za a zagaye reshen da wuƙa a ɓare ɓawonsa kamar faɗin yatsa, a lulluɓe wurin da jiƙaƙƙiyar dusar katako ko ɓawon kwakwa, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Ruwa zai ci gaba da hawa ta cikin itacen, abincin da ganye ke sarrafawa kuwa in ya sauko ya tarar da hanya a yanke sai ya taru a bakin raunin, daga nan saiwa ta ɓullo. Idan ta bayyana ta cikin ledar, sai a yanke reshen a dasa, uwar kuma ta yi sababbin rassa. Lokacin da ya dace da aikin duka biyu shi ne tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da iska ke da laima. Wanda ya yi a cikin hunturu ya wahalar da kansa.

Wajibi ne kuma a faɗi aibinsa. Nononsa yana sa ƙaiƙayi, yana da haɗari ga ido, bai kamata yara ko kyanwa su tauna ganyensa ba. Haka nan wanda ya fid da shi daga tukunya ya dasa a gindin katanga, ko kusa da rijiya ko ramin salga, zai ga ta'adin saiwarsa. Ruwa kuwa, yawansa ya fi ƙarancinsa kashe shi, don haka kada a ba shi sai saman ƙasar tukunyar ya bushe, wannan ma kaɗai ya isa amsa ga mai cewa aikin masu famfo ne.

Wani zai ce, ana fama da tsadar abinci da gurgusowar hamada, ina ruwan talaka da tsiron da ba a ci, ba ya kuma ba da inuwa? Maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na da'awar cewa tukunyar falo za ta maye gurbin darbejiya ko mangwaro. Amma yaron da ya yanki reshe da hannunsa, ya yi haƙurin wata biyu yana duba shi safe da yamma har ya ga toho, ya koyi abin da gobe zai yi wa zogale da cediya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu sayar da fulawa ma ba za su rasa ba, domin wanda ya iya reno shi ne ke dawowa neman tukunya da taki da sabon iri.

Shawarata ga malaman firamare da na Islamiyya ita ce, kowace damina su sa kowane aji ya dasa rassa goma, na roba da na itatuwanmu na gida, a raba wa yara su kai wa iyayensu. Ga wanda ke da itacen a gidansa kuma, idan ya zo yi masa aski kada ya zubar da rassan a bola, ya aika wa maƙwabta. Malamai sun daɗe suna karantar da mu falalar dashen itace da hakkin maƙwabtaka, ga hanya mai sauƙi ta haɗa su biyun ba tare da an kashe ko kwabo ba. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.