Wa ke biyan mai jinyar tsoho? Abin da Birtaniya, Jamus da Japan suka zaɓa, da shirun Najeriya

A Birtaniya, duk wanda ya shafe aƙalla sa'o'i 35 a mako yana kula da tsoho ko naƙasasshen da gwamnati ta tabbatar da larurarsa, yana iya neman alawus ɗin mai jinya. A Afrilun 2025 kuɗin ya kai fam 83.30 a mako. In aka raba shi bisa sa'o'in aikin, bai kai fam biyu da rabi a sa'a guda ba, wato ƙasa ƙwarai da mafi ƙarancin albashin ƙasar. Duk da haka, kuɗin shaida ne cewa hukuma ta yarda jinya aiki ce.

Yardar ba ta zo da sauƙi ba. Da aka ƙirƙiro alawus ɗin a 1976, an cire matan aure daga ciki, bisa zaton cewa dama zaman gida nasu ne. Sai a 1986, bayan wata mata mai suna Jackie Drake ta yi nasara a Kotun Turai, aka buɗe musu ƙofa. Har yanzu kuma tsarin yana da tarko. Akwai iyakar abin da mai jinya zai samu daga wani aiki na daban, kuma idan ya haura ta ko da fam ɗaya ne, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya tafi. A 2024 jaridar Guardian ta bankaɗo yadda dubban masu jinya suka wayi gari gwamnati tana binsu bashin dubban fam saboda wannan ƙa'ida. An ɗaga iyakar daga fam 151 zuwa 196 a mako, amma darasin ya fito fili: tallafin da aka gina bisa zargi yakan koma hukunci.

Jamus ta bi wata hanya. Tun 1995 ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki suke zuba kuɗi a inshorar jinya ta tilas. Tsohon da ya zaɓi zama a gida ana ba shi kuɗi a hannunsa gwargwadon matakin larurarsa, daga yuro 347 zuwa 990 a wata a 2025, shi kuma ya miƙa wa wanda yake hidimarsa. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne asusun yana biya wa mai jinya gudunmawar fansho, muddin yana hidimar aƙalla sa'o'i 10 a mako. Ke nan matar da ta rage aiki don mahaifiyarta ba za ta tsufa hannu rabbana ba.

Japan kuwa da gangan ta ƙi biyan dangi. Lokacin da ta fara inshorar jinya a 2000, wadda duk mai shekara 40 zuwa sama yake biya, masu fafutukar mata sun yi gardama cewa kuɗin hannu zai ƙara ɗaure matar ɗa a gidan surukanta. Sai aka zaɓi a aiko ma'aikaci gida, ko a kai tsoho cibiyar yini. Wannan gardamar ya kamata matasanmu su fi saurara, domin ko a Kano ko a Maraɗi an san wadda take wanke tsohuwa da juya ta a kan gado.

Kada a ce abin na masu arziki ne kawai. Afirka ta Kudu tana biyan tsofaffi marasa ƙarfi sama da rand 2,000 a wata, da ƙarin sama da rand 500 ga wanda yake buƙatar a kula da shi dare da rana.

A Najeriya fa? Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, ba ta fara aiki ba sai 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta saka tsofaffi cikin masu rauni. Jihar Ekiti ta taɓa biyan tsofaffi naira 5,000 a wata tun 2011. A duk waɗannan, tsohon ake gani. Babu wani alawus na tarayya da aka ware wa mai jinyarsa.

Hujjar da aka saba ji ita ce mu masu zumunci ne, kuma addini ya ɗora hidimar iyaye a kan 'ya'ya. Gaskiya ne. Sai dai lada ba ya sayen maganin hawan jini, kuma tun cire tallafin mai a 2023 ɗan da yake karɓar albashin naira 70,000 ba ya iya riƙe gida biyu. Gwamnati ta fake da ɗabi'ar kirki don ta sauke nata nauyin.

Kwaikwayon Jamus zai yi wuya a ƙasar da galibin mutane ba sa karɓar albashi ta banki, balle a cire musu kaso. Abin da zai yiwu ya fi kusa da na Afirka ta Kudu: jihohi su yi rajistar tsofaffin da suke kwance, su biya musu inshorar lafiya tare da ta mai jinyarsu, su kuma sa ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa leƙa gidajen. Masu neman kujera a 2027 za su zo da alƙawuran matasa da mata. A tambaye su nawa suka ware wa wannan, kuma daga wane layi na kasafin kuɗi.