Lafiyar Iyali: Ba kowace shawara ake ɗauka ba

A gidajenmu, da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, sai mu ce shawara ce, a ware masa kwano da moɗa, a shiga neman sassaƙe. In an je asibiti, akan gwada jini don neman ƙwayar ciwon hanta samfurin B ko C, in ba a samu ba sai iyali su yi hamdala su koma gida. To, a nan ne wasu ke makara, domin akwai ciwon hantar da babu ƙwayar cuta a cikinsa.

Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da baƙin ƙwayoyi, ita ce kan rikice ta far wa hanta. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Jan Waldenström, ya bayyana ciwon a shekarar 1950 a jikin ƴan mata. Ya fi kama mata, amma bai bar maza da yara ba. Yakan zo da kasala mai tsanani, ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayi, rashin son abinci, ko ɗaukewar al'ada. Yakan kuma tsananta bayan haihuwa, a ɗauka gajiyar jego ce. Wani ma ba ya jin kome har hantar ta cika da tabo ta ƙandare. Kusan ɗaya cikin uku na manyan da ake gano ciwon gare su sun riga sun kai wannan mataki.

Gwaji ɗaya ba ya isa. Likita zai duba awon ALAT da ASAT, waɗanda ke hawa in hanta na ciwo, sannan ya auna IgG, ya nemi alamomin da ke nuna garkuwa ta juya wa jiki, wato ANA, SMA da anti-LKM1. Yakan kuma sa allura ya ciro ɗan ƙanƙanin yanki na hanta a duba. Wajibi ne mu faɗa masa duk abin da majinyaci ya sha, har jiƙo da tsimi, domin wasu magunguna, irin su nitrofurantoin na ciwon fitsari, kan haddasa makamancinsa.

Wannan ciwo ba a ɗaukarsa a kwano ko a shimfiɗa, don haka babu dalilin ƙyamar mata ko ɗiya. Yana kuma jin magani: prednisolone da azathioprine sukan kwantar da shi ga mafi yawan majinyata, amma shekaru ake yi ana sha, kuma yakan dawo ga akasarin waɗanda suka daina.

Saboda haka, magidanta, in gwajin B da C ya fito lafiya amma awon hanta bai sauka ba, mu nemi a tura mu wurin ƙwararren likitan hanta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.