Katafariyar Kasuwar New Jersey da Maƙwabtanta

A ganina, American Dream, katafariyar cibiyar sayayya da shaƙatawa da ke East Rutherford a jihar New Jersey, ba ta sauƙaƙa wa maƙwabtanta rayuwa ba. An fara gininta a 2004 da sunan Xanadu, ta yi shekaru tana kango a bakin babbar hanya, sai a 2019 kamfanin Triple Five ya buɗe ta, bayan ta lashe kusan dala biliyan 5. Ciki har filin zamiya kan ƙanƙara akwai, kuma matasa sun samu aiki, ba na musun wannan. Amma gundumar Bergen, inda cibiyar take, ba ta rasa kantuna ba, garin Paramus da ke cikin gundumar kaɗai cike yake da su. Hanya ce matsalar mazauna yankin. Jirgin ƙasan da ke zuwa wurin sai ranar babban taro a filin wasa na MetLife yake aiki, sauran ranaku kowa sai ya hau titi. Hatta dokar hana sayar da tufafi ranar Lahadi, wadda jama'a suka tabbatar da ƙuri'unsu don su huta da cunkoso, sai da Paramus ta garzaya kotu a 2025 tana zargin cibiyar da karya ta.