Tsohon Injin Lissafi Ya Farfaɗo A Ingila

Ran 20 ga Nuwamba 1942... ba haka ba ne, ran 20 ga Nuwamba 2012 ne jama'a suka taru a gidan ajiye tsofaffin kwamfuta da ke Bletchley Park a ƙasar Ingila, aka kunna wani injin lissafi wanda ya yi shekaru a kwance. Nauyinsa ton biyu da rabi. An fara ƙera shi a Harwell cikin 1949 domin masu binciken nukiliya. Cikin 1957 aka ba da shi ga kwalejin sana'a ta Wolverhampton, inda aka laƙaba masa suna WITCH, aka yi ta koyar da ɗalibai da shi har 1973. Daga nan sai gidan tarihi na Birmingham, daga baya aka wargaza shi aka jibge a sito. Masu sha'awa ne suka nemo shi, suka yi shekara uku suna gyara, ba don albashi ba.

Waɗansu suna cewa wannan ɓata lokaci ne, tun da wayar da ke aljihun yaro ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Gaskiyarsu a kan sauri. Kafin ya ninka lamba biyu sai ya ci daƙiƙa biyar zuwa goma. Akawuna za su so jin wannan: wani ma'aikacin Harwell, Bart Fossey, ya taɓa yin tsere da shi da injin lissafi na hannu, suka yi kunnen doki wajen rabin sa'a, kana mutum ya gaji, inji kuwa ya ci gaba abinsa.

Amma ni a ganina masu sukan nan ba su dubi wajen koyarwa ba. Injin nan yana da ƙwayayen fitila 828 da a ke kira Dekatron. Cikin kowace akwai ɗan haske mai zagaya gurbi goma, inda ya tsaya nan ne lambar. Watau yaro yana tsaye yana kallon lissafi da idonsa, yana ganin ɗaya ta ƙaura zuwa gidan goma, kamar yadda malami ke yi a kan allo. Duk wanda ya taɓa fama da aji a kan “ajiye ɗaya” ya san darajar wannan. Kwamfutar zamani kuwa a rufe ta ke ruf, ba abin da ɗalibi zai gani in ya buɗe.

Gardamar da ta fi wuya tana tsakanin masu gyaran kansu. Wani ya ce in abu ya lalace a sa na zamani, muddin inji zai yi aiki. Wani ya ce in an yi ta haka, wata rana suna kaɗai zai rage. A gidan nan ɗaya akwai Colossus, wanda Tony Sale da abokansa suka sake ginawa tun daga tushe, gama na ainihi an lalata su bayan yaƙin Hitila. WITCH kuwa mafi yawan kayansa na asali ne, shi ya sa littafin Guinness ya shaida cikin 2013 cewa ya girmi duk irinsa masu aiki. To, ga inda gizo ke saƙa: an daina ƙera ƙwayayen Dekatron tuntuni, kowace ta mutu sai a nemi madadinta cikin ragowar da ke hannun mutane.