Zancen Matan da Ke Rainon 'Ya'yan Ma'aikata a Dutse

Zuwa ga Edita,

Makon nan ina so in ja hankalin 'yan'uwa ga wata sana'a wadda ta tsiro a tsakaninmu, har ta yi rassa, ba mu ko sa mata suna ba. Watau sana'ar matan nan da su ke karɓar 'ya'yan ma'aikata a gidajensu, su riƙe su tun safe har la'asar, sa'an nan iyaye su biyo su ɗauka. Ana kiran irin wannan mace mai raino, amma in ka tambayi uban yaro me ke tsakaninsu, sai ya ce, "Ai taimakonmu ta ke yi." To, wannan kalma ta taimako ita ce abin da na zo in yi gardama a kanta.

Mu fara da asalin abin. A zaman da muka gada, yaro ba ya rasa hannun da zai ɗauke shi. Gida babba ne, ga kaka, ga gwaggo, ga matan 'yan'uwa, ga 'yan mata masu sha'awar goyo. Mace ta haihu, ta yi wankan jego, ta gama arba'in, ta koma ga aikinta na cikin gida, ɗanta na bayanta ko na bayan wata. Lokacin yaye kuwa a kai shi gidan kaka. Ba wanda ya ke zancen lada, domin yau ke ce, gobe 'yar'uwarki ce.

Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Sai ma'aikata suka taso daga Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, wasu daga Kano, suka sauka a gidajen haya da rukunin gidajen gwamnati. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, baƙi suka ƙaru. A cikinsu da malamai mata, da ma'aikatan jinya, da ungozomomi, da masu aikin ofis a sakatariya. Kowace ta zo da mijinta da 'ya'yanta, amma ba wadda ta zo da kakar yara, gama tsohuwa ba ta barin ɗakinta da awakinta don ta zauna a ɗakin haya. Haka abin ya ke, ko da ya ke bai kai na Dutse ba, a Birnin Kudu da Jahun, inda manyan asibitoci su ke tara ma'aikata mata, masu aikin rana da masu kwana.

Hutun haihuwa kuwa bai kai ko'ina ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace mako 12, sa'an nan in ta koma aiki a ba ta rabin sa'a sau biyu a yini don ta ba da nono. Wasu jihohi sun ƙara wa ma'aikatansu ya kai wata 6, kamar Legas a 2014 da Kaduna a 2019. Amma ko wata 6 ɗin ne, yaro bai fara tafiya ba, balle a yi zancen yaye ko makaranta. Ina za a kai shi? Tilas sai gidan wata.

Yanzu sai mu koma ga malamai, domin su ne za su yanke mana wannan magana. Shin karɓar lada a kan riƙon ɗan wani abin kunya ne? Ko kusa. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, bayan ta ambaci shekara biyu na shayarwa, ta halatta wa iyaye su nemi wadda za ta shayar musu, muddin sun biya abin da suka yi alkawari. Kowane ɗan makarantar allo ya san Halimatus Sa'adiyya, da Ummu Aimana wadda ta yi rainon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shi kansa kuwa, da aka haifa masa Ibrahimu a Madina, sai ya kai shi gidan Ummu Saifi, matar wani maƙeri, a can gefen gari. Ya kan taka ya je ya duba yaron, har ya tarad da gidan cike da hayaƙin maƙera, ya ɗauke shi ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Ku dubi abu biyu a nan. Na ɗaya, mafificin halitta ya ba da ɗansa riƙo a gidan mai sana'a. Na biyu, bai ce ya miƙa ya huta ba, ya kan je da ƙafarsa ya gani. Uba nawa ne a cikinmu ya taɓa wuce zauren gidan da ɗansa ya ke yini? Na san akwai kulle, kuma ba na ce a keta haddin gidan mutane ba. Amma ai ana iya yin sallama da maigidan, a nemi izini, ko a tura uwa ko 'yar'uwa ta shiga ta duba, ba sau ɗaya ba.

Tun da Shari'a ta ɗauki abin a matsayin ijara, watau jinga, to sai ya zo da sharuɗɗan jinga: a san aikin, a san lokacin, a san ladan. A nan ne mu ke da laifi. Ma'aikaci ya san ranar albashinsa, in ta wuce da kwana uku gari ya ɗauka. Amma matar da ta riƙe masa ɗa daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 4, abin da ya kusa sa'a 40 a mako, sai a ba ta "abin sabulu" ran da aka tuna, a haɗa da turmin atamfa da salla, a ce an kyauta. Ita kuwa kunya ta hana ta tambaya. Ta wanke kashi da fitsari da sabulunta, ta dama kunu da gawayinta, ta bar ɗinkin hula ko ƙuli-ƙulin da ta saba samun na cefane da shi. Ran da ta gaji, ba za ta faɗi ba, sai dai ta fara sakaci, ko ta karɓi ƙarin yara don abin ya taru ya yi auki. Araha ba ta ado, kuma a nan yaro ne ke biyan cikon kuɗin.

Zancen yawan yara shi ne inda na fi so a tsaya. Mace ɗaya baya ɗaya gare ta, da hannu biyu. In jarirai uku suka fashe da kuka lokaci guda, wanne za ta ɗauka? A Ingila tun 1948 aka yi doka a kan masu riƙon yara a gida don lada. A ƙa'idarsu ta yanzu sai mace ta yi rajista an duba gidanta, kuma ba ta wuce yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu ƙanana waɗanda ba su isa makaranta ba kada su wuce 3, wanda bai cika shekara ba kuwa 1 tak, sai fa da wani dalili kamar tagwaye. 'Ya'yan cikinta ma ana lissafawa da su. Ban ce mu kwafe dokar Turawa baƙi da baƙi ba, don gidajenmu ba irin nasu ba ne, sau da yawa akwai wata babbar mace a tsakar gida mai sa ido. Amma lissafin hannu biyu da baya ɗaya bai san Bature ko Bahaushe ba. Wadda ta tara goma sha wani abu a ɗaki guda ita kaɗai, ba raino ta ke yi ba, tsaro ta ke yi, irin na makiyayi.

Kuma daga yawan nan ne mugun abu ya ke fitowa, wanda na ke roƙon kowace mai raino ta ji tsoron Allah a kansa: ɗura wa yaro maganin mura mai sa barci don ya yi shiru. Jikin jariri ba ya ɗaukar abin da na babba ya ke ɗauka, barcin na iya zarcewa. Ko maganin da aka saya da kyakkyawar niyya ma ba shi da tabbas. Tsakanin 2008 da 2009 wani maganin fitar haƙori da aka gurɓata ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. Saboda haka kada mai raino ta ba ɗan wani kome na magani, na kanti ko na gargajiya, sai wanda uwa ta kawo da umurnin likita. Abin da ya kamata ta iya kuwa shi ne haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin a kai asibiti.

Sauran hatsarin duk a tsakar gida ya ke, mun saba da shi har ba mu ganinsa. Rijiya ba murfi. Baho cike da ruwan wanki, alhali ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya halaka mai rarrafe, kuma ba a jin ko motsinsa. Murhu da tukunyar tafasasshen ruwa a ƙasa. Kananzir cikin kwalbar lemo, da maganin ɓera a bayan randa. In yaro ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin aman ne ke kai shi cikin huhu. A ruga da shi asibiti. Sa'an nan cuta mai yaɗuwa: inda yara suka taru, ƙyanda ko mashaƙo in ta kama ɗaya ta kama saura, kuma ba mu manta da yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023 ba. Mai raino tana da iko ta ce a nuna mata katin rigakafi kafin ta karɓi yaro, ta kuma ce mai zazzaɓi ya zauna gida yau. Kada uwa ta ɗauki wannan wulakanci; ɗanta a ke karewa ran da na wata ne ba shi da lafiya.

Akwai wata mas'ala kuma wadda likita ba zai faɗa muku ba, sai malami. Sau da yawa mai raino ita ma tana da goyo. Ɗan riƙo ya yi ta tsala kuka, uwarsa na can ofis, tausayi ya kama ta, ta sa masa nono. A mazhabarmu ta Malikiyya, nonon da ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa, ko tsotso ɗaya ne, ya haramta aure. Daga ranar ta zama uwarsa, mijinta ya zama ubansa, 'ya'yansu duka sun zama 'yan'uwansa. In ba a faɗa ba, ba a rubuta ba, bayan shekara 20 yaran unguwa ɗaya su ga juna su so juna, a ɗaura aure, sa'an nan wata tsohuwa ta tuna. Ban da wannan, akwai cututtuka irin su ƙanjamau da ke bin nono. Don haka a yi maganar tun ranar farko: ko an yarda, ko ba a yarda ba. In ya auku, a sanar da iyaye a ranar, a rubuta a ajiye. Uwar da ke son cika wata 6 na nono zalla, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ke horo, sai ta tatsa ta bari cikin kofi mai murfi a wuri mai sanyi, ta tuna kuma da zafin bazararmu ba ya jure daɗewa.

Wani zai ce, duk me ya kawo wannan wahala, ba sai in ɗauko yarinya daga ƙauye ta zauna mini da yaro ba? Haka da yawa su ke yi, har da malaman makaranta, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Malama ta tafi koya wa 'ya'yan wasu karatu, ta bar 'yar shekara 10 a gida da jariri da risho, ita ba boko ba, ba allo ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa wannan yarinya makaranta, Jigawa kuma ta sa hannu a dokar kare yara a 2021. Ko ba doka, yaro ba ya rainon yaro yini guda. Babbar mace mai hankali, a gidanta, da ladanta, ta fi wannan nesa ba kusa ba, kuma kuɗin ya shiga hannun bazawara ko matar aure mai neman na kanta ba tare da ta fita ba.

Abin da na ke nema ga akawuna da malamai bai fi takarda guda ba. Ku ne masu alƙalami. A zauna da mai raino da mijinta, a rubuta da boko ko da ajami: sunan yaro, lokacin kawowa da na ɗauka, ladan wata da ranar biya, wa zai kawo abinci da sabulu, wa aka yarda ya zo ɗaukan yaro, lambar wayar uwa da ta uba, da asibitin da za a nufa in ta ɓaci. Mai unguwa ko limami ya shaida. Takardar nan ita ma mai raino ta ke karewa, gama a Shari'a amintacciya ce, ba a ɗora mata abin da ya zo daga Allah sai in an tabbatar da sakaci. Amma in ba a san abin da aka yi alkawari ba, da me alƙali zai auna sakacin? Hukuma kuwa, ba na roƙonta ta sa haraji ko ta rufe gidan kowa. In ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda dama su ke bi gida-gida da damina suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, za su riƙa rubuta gidajen da a ke raino, a tara matan kwana biyu a koya musu taimakon gaggawa, da an yi rabin aikin.

Ina roƙon masu karatu na Birnin Kudu da Jahun da Kiyawa su rubuto mana yadda su ke yi da 'ya'yan ma'aikatan jinya masu aikin dare, domin wannan babi ne dabam, sai mu duba shi a wani makon in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.