Ƙorar Kan Yaro: Man Shafawa Kaɗai Ba Ya Kashe Ta

Wannan makon maganar ƙora za mu yi, wannan tabo mai fari-fari da ke fitowa a kan yaro, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta riƙa zubar da ɓawo kamar amosani. Ƙwayar cutar da likitoci ke kira fangas ce ke kawo ta, kuma danginta ne ke haddasa makero a jiki.

Abin da ake fara koya wa ɗaliban likitanci game da ƙora shi ne, ƙwayar tana shiga cikin silin gashi har saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Shi ya sa za ki shafa wata guda, ta yi kamar ta lafa, sai ta dawo. Maganin sha take buƙata. Likita yakan rubuta griseofulvin gwargwadon nauyin yaro, a sha kullum na mako 6 zuwa 8. A ba shi bayan ya sha madara ko ya ci abinci mai maiƙo, don jiki ya fi karɓarsa a haka. Kada ki tsayar don kin ga gashi ya fara tsirowa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mayukan nan "uku-a-ɗaya" da ake saya a kemis. Ki juya kwalin ki karanta. In kin ga betamethasone ko clobetasol, ajiye shi. Suna kwantar da ƙaiƙayi, amma suna danne garkuwar fata, ƙwayar ta samu wurin yaɗuwa. Tafarnuwa da man birki kuwa ƙona kai kawai suke yi.

Wani lokaci wurin yakan kumbura ya yi ruwa kamar maruru. Don Allah kada a bari wanzami ya tsaga. Jiki ne ke faɗa da ƙwayar, kuma in aka yi jinkirin zuwa asibiti, tabon da zai bari gashi ba ya sake fitowa a kansa. Ki tuna 'yarki za ta girma ta so kitso.

Ki duba kawunan yayye da ƙanne, har da kyanwar gida in gashinta na zubewa. Kowa da matajinsa, hularsa da ɗankwalinsa, a kuma wanke rigar matashin kai. In da hali, saya wa maza nasu injin aski. Da zarar ya fara shan magani, zai iya komawa makaranta da Islamiyya.